Shingen Maƙabarta

A Jojiya, bayan cocin Baftis,
waya mai ƙaya ta raba maƙabarta gida biyu:
farare a tudu, cikin inuwa,
baƙaƙe a gangare, inda ruwa ke kwanciya.
Shekara casa'in, matattu ba su gaisa ba.

Ran Asabar coci biyu suka zo da filaya.
Fasto Wendell, hannunsa na rawa,
ya ce, "Kakana ne ya kafa wannan turken."
Aka yi tsit.
Tsohuwa Odessa ta miƙa masa safar hannu:
"To, kai za ka fara tumɓuke shi."

Tsatsa ta ci wayar, ba ta ci ƙayar ba.
Ta yanki baƙi, ta yanki fari,
kwalin filasta ɗaya ya zagaya.

Da la'asar aka ɗauki waƙar yabo,
wasu na gaba, wasu na jan ƙafa.
Odessa ta durƙusa a kabarin mahaifiyarta,
wadda ta yi wa mutanen tudu wanki shekara arba'in:
"Inna, an buɗe.
Ba sai kin zagaya ta ƙofar baya ba."

Gobe Lahadi, kowa da cocinsa.
Ramukan turaku na nan a jere,
ba a cike su ba tukuna.