Lamba Ɗari Huɗu da Sha Bakwai

Jikana Tanimu ya zo yini daga Bukabu,
kai a aske ƙwal, wuya kamar na zalɓe.
Muna zaune a dakalin gida a Kurna,
masallatai uku na kiran la'asar a tare,
ya miƙo mini waya:
"Kaka, ga wadda suka ba ni."

Na laluba tabarau. Na ce ya buɗa hoton.
A gindinta, ƙasa da inda kunci ke kwanciya,
ga wata ƙuna mai siffar ƙwayar wake.

Na san ƙunar nan.
Kofur Ilu ne ya jingine ta jikin risho
daren da matarsa ke naƙuda,
yana dafa shayi, hannu na karkarwa.
Ni na rubuta rahoton.
Albashin kwana bakwai ta ci masa.

Shekara ashirin da shida
makullin ɗakin makamai na ɗaure a ƙuguna.
Marigayiya Ladidi takan ce ko tuwo na taɓa
sai ya ɗauki warin man bindiga.
Littafin fita da shiga layi huɗu ne:
suna, lamba, lokaci, sa hannu.
Layin suna ya ci biro ba adadi,
layin lamba ko gezau.

Ilu hawan jini ya kwantar, yana jiran fansho.
Bayansa Bulus na Zuru ya saɓa ta,
har ya gaji ya koma noman dawa.
Sai wani yaro ɗan Binuwai, Terver,
mai dariya kamar ana zazzage gyaɗa a faranti.
An tafi da su gabas su biyu.
Ita ta dawo a bayan mota,
laka a baki, maɗauri a tsinke.
Na wanke ta da kananzir har dare.
Gurbin sa hannunsa na nan fari fat.

Takalman da muka yi fareti da su sun zama ƙasa.
Motar da ta kai mu daga, kaji ke ƙwai a cikinta.
Kuɗin da aka saye ta da su sun daina ci,
ƙasar da ta ƙera ta ma, an ce ta watse.
Ita ko me take nema?
Tsumma, ɗigon mai,
da sabon ƙarfe ɗaya in wani ya gaji.

An sha kawo sababbi a akwati, baƙaƙe wul,
manya su zo da kwamba a ɗauki hoto.
Damina biyu, yashi ya shaƙe wasu,
wasu kayan gyaransu na can ƙetare.
Sai a dawo a ce, "Saje Barau,
fito da tsofaffin."

"Tana da kyau, Kaka?"

Yaro, me zan ce?
Ta girmi ubanka.
Ba ta san sunan kowa ba,
kafaɗa kawai ta sani.
Ban taɓa tambayar ta inda ta kwana ba,
ko wa ya tsaya a gabanta,
kwanso nake ƙirgawa, in rufe littafi.

Na ce masa, "Tana ɗan ja hagu.
Kar ka cika mata mai, ƙura take kira.
Kar ka jingine ta kusa da wuta.
In ka fita da ita da safe,
kai za ka mayar, da hannunka,
ka sa hannu inda ake sawa. Ka ji ni?"

Ya yi dariya, ya cusa wayar a aljihu,
wai zai kama a-daidaita kafin a rufe ƙofa.

Na ɗauki buta.
Shekara goma sha ɗaya rabona da bariki,
na ɗebo ruwa zan shaƙa,
sai da na sansana tafin hannuna.