Dutsen da Bai Faɗo Ba

Ranar Asabar, rana ba ta gama leƙo Dilimi ba
muka cusa kanmu a tsohuwar motar Baban Sakina:
kular dafa-duka, tabarma, buta,
rigunan sanyi uku, ɗaya ba maɓalli.
Na ɗauko addu'ar tafiya,
ban kai rabi ba Mujittafa ya ce takalminsa ƙafa ɗaya ya ɓace.
A ƙarƙashin kujera na ƙarasa ta,
kaina a ƙasa, hannuna cikin ɓawon gyaɗa.

Assop muka nufa, wai yara su ga ruwa yana faɗowa.

A Bukuru Nusaiba ta yi tumbuɗi
kan mayafin da nake tattali tun Sallah.
Sakina tana ƙirga shingayen sojoji da yatsu.
Ta ce, "Umma, me suke nema a bayan motarmu?"
Babanta ya ƙara muryar rediyo.
Ni kuwa na bi gonakin dankali da ido,
da tafkunan da masu haƙar kuza suka bari,
kore shar, shiru, ba wanda ya san zurfinsu.
Haka ƙirjina yake tun da muka rasa Inna:
ina salla, leɓe yana motsi,
abin da ke kwance a ƙasan ruwan kuwa, oho.

Daf da Riyom motar ta yi tari,
ta fesa tururi, ta ce nan ta tsaya.

Muka fito. Iska ta mare mu da sanyi.
Ga duwatsun can, wani bisa wani,
kamar an ɗora wa tsohuwa tulu, an manta a sauke mata.
Mujittafa ya ja mini zani.
"Wa ya ɗora?"
Na ce, "Allah,"
da sauri, kamar mai kanti yana miƙa canji.
"To wa ya riƙe?"
"Shi dai."
"Tun jiya? Ba Ya gajiya?"
Sakina ta harare shi: "Malama ta ce Shi ba Ya gajiya, kai ne kake gajiya."
Yaron bai yarda da mu ba.
Ya tsaya yana gadin dutsen, baki buɗe,
yana jira ya ga faɗuwarsa.

Wata mata ta ɓullo daga gonar kabeji,
jarka a ka, ƙaramin gicciye a wuya.
Ngo Kachollom, ta ce sunanta.
Ruwan da ta ɗebo wa gidanta
motarmu ta shanye shi tas.
Baban Sakina ya laluba aljihu,
ta ce, "Haba, Baban yara, ruwa ne fa."
Ta ba kowane yaro karas da ƙasarsa a jiki,
ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya,"
daidai yadda Inna take faɗa, har da jan wasalin ƙarshe.

Azahar ta same mu a nan.
Na shimfiɗa tabarma, na danne kusurwarta da buta.
Ina cikin sujada Nusaiba ta rarrafo ta haye bayana,
ta kama wuyan hijabina, tana dariya.
Ban ɗago ba.
Na ji nauyinta, ɗumi, ɗan ƙarami,
ba ta ko tunanin zan iya kifar da ita.
Na daɗe a haka, goshina a ƙasar Riyom,
har wani abu ya motsa can ƙasan tafkin.

Ba mu kai Assop ba.
Mun ci dafa-duka a gefen titi, da cokali biyu mu biyar,
muka juyo, mota tana tafiya kamar mai azumi.

Da daddare, na je rufe taga,
na tarar da tsakuwa uku, wata kan wata,
da takalmi ƙafa ɗaya an tokare su.
Na zare takalmin a hankali.
Na tsaya, ban ko yi numfashi ba.