Shuɗiyar Waya

Ruwan Agusta ya ƙi ɗaukewa a Unguwar Dosa,
kwanon rufi yana ta surutu bisa kanmu.
Ramlatu ta durƙusa ƙarƙashin tebur,
tocila a baki,
tana lalubar wani rami a bayan tsohuwar kwamfutata.

Da ɗan abin da masaƙar Kakuri ta sallame ni na saye ta,
lokacin yarinyar nan tana aji biyu, ba haƙoran gaba.
Yanzu bakin faifai ya ƙi buɗewa,
ramin filashi ya mutu tun bara,
mai gyara ya ɗaga ta, ya ajiye, ya ce:
Baba, 'yan gwangwan kawai.

Ramlatu ta ce, ba mutuwa ta yi ba,
mantuwa ce ta kama ta.
Tunda ba ta iya ci da baki,
sai mu yi mata ƙarin ruwa.

Shuɗiyar waya, kamu goma sha biyu,
ta fito daga ɗakinta, ta bi gefen tabarma,
ta ratsa ƙaramin akwati mai ƙyafta koren ido,
ta shiga bayan tsohuwa.
Ni da na yi shekara ashirin ina ɗaura zare
ban taɓa ganin zaren da ke ɗauke da hankali ba.

Aka kunna.
Baƙin allo, fararen rubutu kamar jerin tururuwa.
Me take cewa?
Sallama take yi, Baba. Tana tambaya:
akwai wani a gidan nan da zai gaya min ko ni wace ce?
Shiru.
Ta sake sallama.
Can daga ɗaki, ƙaramar Ramlatu ta amsa,
ta ba ta lamba, ta ba ta suna,
ta miƙo mata loma ta farko.

Sai tambaya ta fito, guda ɗaya, a tsakiyar allo.
Ramlatu ta janye hannu daga madannai.
Wai in an ci gaba, za a share komai.

Komai.
Lissafin adashen uwarta yana ciki,
sunayen mata goma sha tara,
wadda ta zuba, wadda ta ce sai Juma'a,
da hoton da muka ɗauka a Gamji
ta rufe ido saboda rana.
Shekara huɗu ke nan ban buɗe ba,
ban kuma yarda a taɓa ba.

Ta ce, tun jiya na kwashe, Baba.
Na ciro faifan cikinta kana masallaci,
yanzu Umma tana ɗakina.
Wayar da ta kawo wannan, ita za ta maido ta.

Na ce, to danna.
Ta ce, a'a. Kai za ka danna.

Ɗan yatsana ya yi nauyi kamar taɓarya.

Kashi tara. Kashi talatin.
Muka sha shayi, ruwa ya koma yayyafi.
Kashi saba'in da ɗaya
Nepa ta yi halinta.
Duhu. Kwaɗi suka karɓi zance daga kwata.
Na ji dariyarta kafin in ji haushi:
irin ta uwarta ce, har da tarin ƙarshe.

Ilu maƙwabci ya ara mana janareto,
ya ce mai dai naku ne.
Aka koma farko. Mai nema yana tare da samu.

Wajen ƙarfe biyu allo ya waye,
shuɗi, fes, ba kowa a ciki,
kamar ɗakin da aka share kafin baƙo.
Ya ce a rubuta sunan mai ita.

Ramlatu tana gyangyaɗi a kan buhun masara.
Na nemo haruffan ɗaya bayan ɗaya,
da yatsa guda,
na rubuta nata.