Awa Dubu Biyu

Fom ɗin ya ce: Awa nawa kika yi
hannunki na kan jikin majinyaci?
Akwati ɗaya suka bari, ɗan mitsitsi,
lamba kawai yake ci.

Ƙarfe uku na dare, a kicin ɗinmu na Beckley,
na baje takardun albashin shekara uku.
Shayi ya huce, firji na ta gurnani.
Dubu biyu da ɗari da sha huɗu.
Na rubuta. Akwatin ya haɗiye, ko tari bai yi ba.

To ina zan sa daren da ƙanƙara ta toshe hanyar dutse,
muka bar motar asibiti a bakin gada,
ni da Cody muka hau a ƙafa, gadon ɗauka a kafaɗa,
har gidan Orville Tackett?
Shekara talatin da ɗaya ya yi a ramin kwal,
ramin ya sallame shi da huhu baƙi ƙirin.
In ya ja numfashi, sai ka ce buhun tsakuwa ake ja a siminti.
Ya riƙe hannun rigata ya ce, "Twila,
mil arba'in ne zuwa wurin likita,
ni kuwa mil ɗaya ya rage a ƙirjina."
A lissafi, awa biyar ce wannan.
A wurina har yau ba a tashi daga aikin ba.

Bara sun ƙi ni.
Wasiƙa mai ladabi, layi huɗu,
irin ladabin da ke barin shatin yatsu a kunci.
Kemistiri ne ya kayar da ni.
Na koma ajin dare cikin 'yan shekara sha tara,
ina zana zoben sinadarai a bayan rasit ɗin mai.
Ƙasusuwa takwas ne a wuyan hannu;
a wurin wanke-wanke na haddace su,
ina lalubar nawa ɗaya bayan ɗaya cikin kumfa.

Sai bayanin kai, harafi dubu biyar:
Me ya sa kike son zama mataimakiyar likita?
Na rubuta, "Ina son taimakon jama'a." Na goge.
Mai neman ƙuri'a ma haka yake cewa.
Dakta Pillai ta karanta na bakwai tana tsaye a baranda,
ta ce, "Ke na gani. Ina wanda kika ɗauko?"
Na koma gida na sa Orville a layin farko.

Mama ta ce, "In za a sha wuya, a zama likita ɗungurungum mana."
Na ce, Mama, shekara goma sha ɗaya fa,
da bashin da ya fi gidan nan tsada.
Wata ashirin da bakwai sun ishe ni in dawo
in cire kwaɗon ɗakin shan maganin nan
da ke kulle tun ina sakandare.

Ranar ganawa na ari kwat ɗin Nadine,
hannun ya wuce yatsuna, na naɗe da fil.
Mu sha biyu a falo, kowa na murmushi, cikinsa na kaɗawa.
Wani farfesa ya ce in faɗi kuskuren da na taɓa yi.
Na ce na taɓa mance buɗe silindar iska,
daƙiƙa arba'in, har leɓen yaro ya fara shuɗi.
Bai ɗago ba. Ya rubuta wani abu.
Ban san ko mene ne ba.

Yanzu ina jerin masu jira. Ta shida.
Orville ya rasu a watan Maris.
'Yarsa ta kawo mini fitilar hularsa ta rami,
ta ce shi ya ce a ba ni. Ba ta kamawa,
amma tana kan littafin ƙasusuwa.

Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi.
Ba su ba ne.
Wata tsohuwa ce ta zame a banɗaki, can bayan coci.
Na ɗaure igiyar takalmi.
Awa ta dubu biyu da ɗari tara da ɗaya.