Kwalba Mai Hoton Wata

A Recife, hawa na huɗu, taga na kallon kogin Capibaribe,
Jucilene ta tafi aikin dare a asibiti,
ta bar min ɗiyarmu da kwalabe shida a firiji.
A jikin kowace ta yi zane da alƙalami:
uku rana, uku wata.

Na ce, nono ai nono ne.
Ta ce, Edvaldo, kai fa direban bas ne,
ka san motar asuba ba ta dare ba ce
ko da hanya ɗaya suke bi.

Wai akwai 'yan aike a cikinsa,
ƙanana, ido ba ya kama su.
Wanda aka tatsa da duhu yana ɗauke da melatonin,
mai raɗa wa jini cewa gari ya yi shiru.
Na safe kuwa kotisol ya fi yawa a ciki,
mai ƙwanƙwasa ƙofa.
Akwai leftin, da ake zaton shi ke ce wa ciki ya isa haka.
Likitoci ma, in ji ta, ba su gama karanta wasiƙar ba.

Ƙarfe ɗaya da kwata Tainá ta tsala kuka.
Ban kunna fitila ba. Na laluba,
na ɗumama wadda hannuna ya fara taɓawa,
ta shanye tas.
Sai ta buɗe ido tar,
ta damƙe min gemu, tana gwaranci
da fankar da ke juyawa a sama.

Biyu ta buga. Uku. Ruwa ya zo ya wuce.
Sau nawa muka zagaya falo, ban ƙirga ba.
Da na haska kwalbar da waya,
rana ce, da ƙafafu takwas kamar kaguwa,
tana yi min dariya.

Ko nonon ne, ko zafin gari, ko haƙori ke tafe,
ba zan rantse ba.
Abin da na sani, jikin matata ya yi magana
ƙarfe bakwai na safiyar jiya,
maganar ta wuni cikin sanyi kusa da ragowar wake,
ni kuma na isar da saƙon
a sa'ar da ba tasa ba.

Da asuba mabuɗi ya motsa.
Ta shigo da warin maganin asibiti a rigarta,
ta dubi kwalba, ta dube ni, ta dubi yarinyar
wadda sai yanzu barci ya sace a kafaɗata.
Ba ta ce uffan ba.
Ta tuɓe takalmi, ta ɗauko alƙalami,
ta buɗe firiji,
ta ƙara wa kowane wata girma.