Ƙwandalar Sarkin Tsibiri

Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya na Maraɗi
ina buga hatimi a kan wasiƙun mutane.
Abokan aikina sun tara filaye a Ali Ɗan Sofo,
ni kuwa shugabanni na tara,
cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin gado.

Kowannensu an buga shi ranar da ya hau:
haɓa a ɗage, kwanan wata a gindin wuya,
ido na duban gefe, can inda talaka ba ya tsayawa.
Wani da hular soja, wani da tabarau,
mace guda da ɗan kunne kamar ƙwayar gero.
Ranar Lahadi nakan goge su da toka da lemun tsami,
in jera su a tabarma, su sha iska.
Ban taɓa samun wadda aka buga ranar sauka ba.
Na tambayi Tsahiru ɗan canji a bakin tasha,
ya ce, Barmu, wa ke kiran mai hoto
ranar da mai gida ya fitar masa da kaya waje?

Wadda na fi so ba ta babbar ƙasa ba ce.
Wani direban tirela ya kawo mini ita daga bakin teku,
wai ta wani dattijo ce da ya sayi tsibiri
wanda bai kai gonar gyaɗar kawuna ta Tibiri ba,
ya kafa tuta, ya zaɓi kansa, ya rantsar da kansa.
Matarsa ce ministar kuɗi.
Jama'ar ƙasa su tara ne, har da kare.
Kunnuwansa kamar faifai,
kuma duk cikin gwangwanin shi kaɗai ke murmushi.

Ranar Talata na dawo daga karɓar fansho,
na ƙirga, na sake ƙirgawa:
saba'in da uku. Ɗaya babu.
Jikata Sahiya na bayan randa
da maiƙo a leɓe.
Ta ce, Kaka, ai kamar dala ashirin take.

Na zura takalmi.
Cima mai ƙosai ta ce, da duku-duku
wa ke duba fuskar kuɗi? Na ba ɗan kabu-kabu canji.
Ɗan kabu-kabu ya sha shayi da ita wajen Nomau.
Nomau ya zazzage kwanonsa a tebur,
muka tona kamar kaji,
sai ya dafe goshi: mai kunnuwan nan?
Ta tafi hannun mai ga-ruwa tun hantsi.
Mai ga-ruwa ya ba mai gyaran taya,
mai gyaran taya ya ba wata tsohuwa
da ta hau motar Madarunfa da kwandon albasa.

La'asar ta same ni a bakin Gulbi,
ƙafa ta kumbura, tasbaha a aljihu ban taɓa ta ba.
Na zauna ina lissafi.
Saba'in da ukun nan, masu runduna da filin jirgi,
tun da suka shiga hannuna
ba su saya wa kowa ko allura ba.
Shi kuwa na tsibiri, yini guda,
ya ciyar da yarinya, ya hau babur,
ya sha shayi, ya ɗebi ruwa, ya toshe faci,
yanzu ga shi kan hanya yana rangadi.
Da safe mutum tara gare shi.

Da na koma gida Sahiya ta sunkuyar da kai.
Na ce, ƙosai nawa Cima ta ba ki?
Ta ɗaga yatsu huɗu.
Na ce, to ƙasar tana da daraja.

Audugar da nake naɗe shi tana nan, ban yar ba.
In an miƙo maka canji a Babbar Kasuwa
ka ga dattijo mai kunnuwa yana maka murmushi,
kada ka nemi gidana.
Ka sayi goro.