Abin Da Tsamiya Ta Bari

Daren da guguwar teku ta bi ta Tizimin
ta kwashe kwanon ɗakin Serapia, ta kai shi gonar wani,
ta bar mana mangwaro a tsaye,
ta kwantar da tsamiya.
Da safe muka iske ragar lilon Baba
hannu ɗaya a ɗaure, ɗayan a cikin taɓo,
kamar mai ita.

Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye.
Eleuterio Canche, kafintan da rabin ƙofofin unguwar nan
suka san tafin hannunsa,
yau cokali ma sai an tallafa masa.
Muka kwantar da shi a gado.
Bai ce uffan ba, ya dai juya wa duniya ƙeya,
kwana tara yana kallon bango.
A raga uwarsa ta haife shi.
Gado a wurinsa na asibiti ne.

Baldomero ya turo kuɗi daga Cancun,
wai a sayi na ƙarfe, irin na otal.
Na sayi noti takwas da ƙugiya biyu,
saura na zuba a wake.

Na buɗe akwatin da ba a taɓa bari na taɓa ba.
Zarto ya yi tsatsa, gizago ya dakushe,
guduma ce kaɗai ba ta tsufa.
Itacen tsamiya ba ya jin lallashi:
na ja, ya ƙi; na tura, ya cije;
tafina ya yi kanta, kantar ta fashe.
Wani damo a kan katanga yana kallona wuni guda,
shi da haƙurinsa, ni da nawa.

Ran na uku na jawo kujerar Baba bakin ƙofa,
don ya sha iska, na ce.
Na auna taku biyar tsakanin ginshiƙai, na kafa alama.
Sai na ji ƙwas, ƙwas: sandarsa a kan dakali.
Na ƙara rabin taku. Shiru.
Na ɗora tokara a miƙe. Ƙwas.
Na karkata ta. Ƙwas.
Na ƙara karkatawa, har na ji haushi,
sai ya lumshe idon da yake lumsuwa.

Haka muka yi sati biyu muna hira,
wadda ba mu taɓa yi ba
lokacin da bakinsa ke da lafiya.

Inuwar mangwaro takan gudu bayan azahar,
sai na ɗaga azara huɗu, na jera ganyen kaba a kai.
Serapia tana miƙo mini ɗaya-ɗaya
tana cewa, Nicolasa, mace da tsani!
Talo-talo suna tonon garin katako
ko za su dace da masara.

Ran da na rataya ragar, wankakkiya,
jar nan da Inna ta saƙa kafin ta tafi,
na zo in ɗauke shi, ya noƙe.
Ya nuna ni da sanda, ya nuna ragar.
Kafinta, ashe, shi ke fara hawa aikinsa.

Na zauna da tsoro, na ɗaga ƙafa.
Katako ya yi ƙara sau ɗaya, ya yi shiru.
Ta tsakanin kaba rana tana zubowa ƙwaya-ƙwaya.
Ban san na gaji haka ba.

Can na ji ina tafiya, ina dawowa.
Ya matso da kujera, ban san ta yaya ba,
ya maƙala yatsa biyu na hannun mai rai
a gefen ragar, yana ja, yana saki.
Tsamiya tana riƙe da ni.
Wake yana ƙonewa a murhu, ina jin ƙauri,
ban tashi ba.